Kalla Marini da Rinin da Ya Mutu a Kwalba

"To, in ba raminka ba, mi ne ne?" in ji Alƙasim. "Rijiya ɗaya, rami ɗaya, taku talatin tsakaninsu. Yara suna gudawa tun hwarkon damina. Kai ka hwaɗa mini."

"Taku arba'in da biyu," Kalla ya ce, bai ko ɗago kai ba. "Ubana ya auna da ƙahwatai."

"Ubanka gajere ne."

"Naka dogo ne, amma bai taɓa auna komi ba sai zurhin akushi."

Masu zama a inuwar marke suka yi dariya, shi ma Alƙasim ya yi, domin shi da Kalla taubasai ne, kuma tun suna yawo ba wando suke zagin iyayen juna ba wanda ya taɓa yin fushi. Amma wannan karon da takarda a aljihun Alƙasim. Tun da aka naɗa shi firzidan, wato shugaba, na kwamitin rijiyar Dogon Marke, wani ƙauye a karkarar Tabotaki, aka ba shi hula mai baki da littafi da hatimi, ba ya fita sai da takarda. Ya zaro ta ya buɗe, ya riƙe ta nesa da ido.

Abin da ke ciki gajere ne. Ran Alhamis mutanen furoje, wato shirin agaji na tsabtace ruwan sha, za su zo da na'urar auna ruwa. In na'ura ta ce ruwan rijiya ya ɓaci, za a cike ramin rinin Kalla da ƙasa. Kwamiti ya zauna, ya amince, an buga hatimi sau biyu don na farko bai fito sosai ba.

"In kuma ta ce ruwa lahiya lau?" Kalla ya tambaya.

"Sai mu bar ka da warinka."

Kalla ya tashi ya kakkaɓe riga. A hanyarsa ta zuwa marina ya bi ta bakin rijiya, ya ratsa ta cikin shanun Alƙasim goma sha ɗaya da ke wuni a can suna jiran a cika musu kwamin shan ruwa, ya tsallake igiyar guga da ke kwance a cikin taɓo. Haka yake tsallake ta kullum, haka kowa ke tsallake ta.

Shekarun Kalla sun haura sittin, kuma tun yana ɗan bakwai hannuwansa ba su sake komawa launin da aka haife shi da su ba. Daga yatsu zuwa gwiwar hannu baƙi ne mai shuɗi-shuɗi, farcen kuwa kamar an tsoma su a tawada. Lokacin da ya taso, ramuka goma sha biyu ne a marinar garin, kowane da mai shi, kuma Buzaye kan sauko da raƙuma su yi kwana uku suna jiran a gama musu rawani. Ubansa ya koya masa yadda ake jiƙa ganyen baba, shukar rini, da toka, yadda ake motsa rami da doguwar muciya safe da la'asar, yadda ake duban kumfa a san ko rini ya nuna. Ya koya masa cewa rini abu ne mai rai. Yana jin yunwa, yana gajiya, rana tana dukansa, in an yi sakaci da shi ya mutu. Mataccen rini kuwa yana nan da kamarsa a idon wanda bai sani ba, sai ka tsoma zane ka fitar, ka wanke, ka ga ba abin da ya kama.

Ya kuma koya masa wata doka ta marina. In ka wuce ramin wani ka ga rininsa ya mutu, ka faɗa masa kafin ka gaishe shi. Ko ba ku magana, ko jiya kuka yi faɗa. Dalili shi ne zanen da zai tsoma ba nasa ba ne, na wata ce da ta ba da amana ta koma gida.

Sau ɗaya Kalla ya taɓa barin garin. Ya bi samari zuwa Abijan, ya yi wata bakwai yana sayar da shayi a bakin tasha. Masu saye suka riƙa kallon hannunsa suna ajiye kofi, shi kuma ya riƙa kallon rigunansu yana faɗa musu wadda za ta koɗe kafin salla. Bai yi kasuwa ba. Ya dawo gida ya tarar an cike ramuka uku. Sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya, domin atamfa ta zo da rininta tun daga kanti, masu ramukan kuma wasu sun mutu, wasu ƴaƴansu sun tafi Libiya. Yanzu rami ɗaya ya rage. Tsofaffin mata ne ke kawo masa zanen da ya koɗe ya mayar musu da shi sabo, sai wani Buzu ɗaya da ke zuwa shekara-shekara a kan babur. Gero daga gona yake fitowa, ba daga ramin ba. Amma in aka ce Kalla a kasuwar Tabotaki, sai an ƙara da marini kafin a gane wa ake nufi, kuma bai san abin da za a ƙara ba ranar da ramin ya zama fili.

Matarsa Zaliha ta ji labarin takardar tun kafin ya iso gida. Tana tankaɗe ta ce, "Malam, abu ɗaya nike roƙonka. Ran Alhamis ka zamna, ka naɗe hannuwan ga naka cikin riga, ka yi shiru. Bakinka ya kore ka daga Abijan."

"Ni da ban iya magana ba?"

"Ba ka iya shiru ba dai."

Ran Alhamis aka kafa rumfa a gefen rijiya, aka kwaso kujeru daga lakwal, makarantar bokon garin, aka kora shanun Alƙasim baya kaɗan don kada su shiga hoto. An ce ƙarfe tara, motar kat-kat ta masu furoje ta iso sha ɗaya saura. Shugaban tawagar, Mushe Sufyanu (Mushe shi ne Malam na Faransanci), mutum ne mai tumbi da waya biyu. Tare da shi akwai wata budurwa siririya mai suna Munira, ita ce mai aiki da na'urar. Aka ɗaura wani ƙyalle mai rubutu da hotuna a jikin rumfa. Tebur bai samu wuri a inuwa ba saboda manya, sai aka ajiye shi a rana, aka jera kayan a kai: akwati ɗan ƙarami kamar na sabulu, wayar salula, da wata kwalba mai ruwa ja-ja. Mushe Sufyanu da kansa ya gyara wa kwalbar zama a gaba, don ita ce ke yin kyau a hoto.

Aka yi addu'a. Mai gari ya yi maraba. Alƙasim ya yi jawabi, ya ambaci ramin rini sau huɗu ba tare da ya kalli Kalla ba. Mushe Sufyanu ya yi nasa da Faransanci, ya maimaita da Hausa, sannan ya taƙaita da Faransanci. Duk wannan lokacin Kalla yana zaune a bakin tabarma, hannuwa cikin riga kamar yadda aka umarce shi, amma idonsa na kan kwalbar. A hoton da ke jikin ƙyalle, ruwan kwalbar ja ne jawur kamar zoɓon da aka jiƙa tun asuba. Wanda ke kan tebur kuwa kamar ɗaurayar ƙwaryar da aka sha zoɓon.

Da aka zo kan Munira sai ta buɗe akwatin ta ɗago wani ɗan gilashi, bai fi katin da ake sa wa salula girma ba. Ta ce a cikinsa akwai hanyoyin ruwa sirara, sun fi gashin kai siranta. Ta ɗaya hanyar rini ke bi, wannan na cikin kwalba. In aka haska shi da koren haske, sai rinin ya fitar da nasa hasken, tsinin allura, wanda ake kira lazer. Ta ɗaya hanyar kuma ɗigon ruwan rijiya ke bi, a gauraye da wani magani da ke manne wa ƙwayar cuta. In hasken ya ci karo da ƙwayar, sai ta yi ƙyalli, salula ta nuna ja. In bai ga komai ba, ta nuna kore.

"Kuma ana iya sauya launin hasken," in ji ta. "In rinin ya yi kauri haske ya karkata wajen ja, in an tsinka shi ya karkata wajen rawaya. Kowace irin ƙwaya da launin da ake nemanta da shi."

Mutane suka ce ikon Allah. Kalla kuwa ya ji kamar an yi masa magana da harshen gidansu. Hannu ɗaya ya fito daga riga.

"Ɗiyata, rinin ga, ina yake kwana?"

"A mota, Baba. Gaban direba muke ɗora shi don kada ya zube."

"Gari nawa kunka auna?"

Mushe Sufyanu ya karɓe. "Tara, Baba. Tun daga Garhanga. Kuma duka tara kore. Furojen nan bai taɓa samun sakamako mai kyau irin wannan ba."

Daga ɓangaren mata Zaliha ta yi gyaran murya. Hannun ya koma cikin riga.

Aka jawo guga, Munira ta ɗebi ɗigo, ta zuba rini a wurinsa, ta rufe akwati. Mutane suka matso har rumfa ta karkata. Salula ta yi ɗan tunani, sannan ta yi kore shar.

Guɗa ta tashi. Alƙasim, wanda ya zo da niyyar cike rami, ya tuna nan take cewa shi ne firzidan na rijiya mai tsabta, ya shiga karɓar hannu. Ya leƙo ya ce, "Mai baƙin hannu, ka tsira. Je ka ci gaba da ɗoyinka." Zaliha ta ɗaga hannu sama tana godiya. Mushe Sufyanu ya duba agogo, ya ce a tattara, ana jiransu da abinci a Buza.

Kalla ya zauna. Raminsa ya tsira, hatimi biyu sun tashi a banza, abin da ya rage masa kawai ya miƙe ya tafi gida. Ya dubi kwalbar. Ya dubi wata mata a bakin rijiya tana cika tulu, da ɗa a bayanta wanda wuyansa ya langaɓe. Ya ce a ransa ba raminsa ba ne, ba rininsa ba ne, yarinyar ma ba marina ba ce. Sai dai ta tsoma abin mutane a ciki, kuma gobe za ta sake tsomawa a wani garin.

Ya miƙe. Bai yi sallama ba, bai gai da mai gari ba.

"Ɗiyata, rininki ya mutu."

Zaliha ta ce, "Na shiga uku," ba a hankali ba.

Mushe Sufyanu ya yi murmushin da ake yi wa tsofaffi. "Baba, wannan ba rinin zane ba ne. Daga Turai aka kawo shi. Wannan siyans ne, kimiyya."

"Ko daga Makka anka kawo shi, rana ta cinye shi. Dibi hoton ga, dibi kwalba. Na'urarku makauniya ta, Mushe. Makaho kuwa in ka tambaye shi mi ya gani, ya ce bai ga komi ba."

"Kai mahaukaci ne?" Alƙasim ya raɗa masa, da ƙarfin da kowa ya ji. "An ba ka raminka kana turewa?"

"Ku bar ni in ɗebo ruwa da hannuna, ku auna. In ƙarya nike, ku cike ramin yau."

Mai gari ya ce a bar shi. Kalla ya karɓi kofi ya zagaya bayan kwami, inda shanu ke tsayawa, ya ɗebo daga wani ɗan kududdufi da ko jaki ba ya sa baki. Ya kawo yana riƙe da shi nesa da hanci. Munira ta tace, ta ɗiga, ta rufe akwati. Salula ta yi tunani.

Kore shar.

Wani tsoho ya ce, "To Mushe, bismilla, a sha." Dariya ta ɓarke har cikin mata. Munira ba ta yi ba. Ta sunkuyar da kai ta ce akwai gwajin da ya kamata a yi wa na'urar kowace safiya kafin a auna komai, an koya musu a kwana ukun da aka yi musu horo, amma yana cin minti ashirin, kuma kullum a makare suke. Ta ce akwai wata kwalbar a ƙarƙashin kujerar mota, cikin baƙar leda, ba a taɓa buɗe ta ba.

"Wannan ta bikin rufewa ce," in ji Mushe Sufyanu da sauri. "Manya za su zo. Ba za mu kai musu rabin kwalba ba."

Munira ta riga ta nufi mota.

Da ta yage ledar, Kalla ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya ga ɗan'uwa. Ja ne mai rai. Ta wanke hanyoyin gilashin, ta zuba sabon rini a ɗan ƙoƙo, ta shiga tsinka shi ɗigo-ɗigo, tana duban salula don ta ga ko ya kai launin da ake so. Kalla ya tsuguna a gefenta yana kallon ɗan tsinin hasken da ya faɗo a kan farar takarda, yana tashi daga ja yana gangarowa. Ta ɗaga hannu za ta ƙara.

"Ya isa," ya ce.

Ta dubi salula. Ya isa ɗin. Ta dube shi, ta yi gwajin minti ashirin ɗin nan cif, Mushe Sufyanu yana zagaye rumfa da waya a kowane kunne.

Aka sake jawo guga. Wannan karon salula ba ta daɗe tana tunani ba. Ja.

Alƙasim ya yi tsalle ya zaro takarda. "Kun gani! Ni na hwaɗa tun hwarko! Ruwa ya ɓaci, kuma ga abin da kwamiti ya rubuta." Ya juyo ga Kalla, muryarsa ta ɗan sauka. "Kai ka jawo wa kanka, taubashi. Ni na so in bar ka."

Kalla ya hango murfin ramin daga inda yake, wanda ya saƙa da kansa bara. Bai yarda ya dubi ɓangaren mata ba. Ya ce, "To, tun da an kama ɓarawo, a caje shi mana. Ku auna ramin."

Ya ɗebo da kansa. Munira ta tace shi sau uku har ya yi haske, ta ɗiga. Kore. Ta sake, don yanzu ba ta yarda da kore na farko ba. Kore.

"Ta sake makancewa," in ji Alƙasim.

Munira ta ɗiga na kududdufi. Ja, har da ƙara.

Ta miƙe ta yi bayani a hankali, tana kallon ƙasa. Ƙwayar da na'urar ke nema a cikin hanji take zama, na mutum ko na dabba, kuma da kashi take fitowa. Ruwan toka irin na ramin rini ba ya barinta da rai. Ta wata hanya dai kashi yake shiga rijiyar nan.

Ba wanda ya nuna da yatsa. Kawai dai a daidai lokacin wata yarinya ta saki guga, igiyar ta ja jiki ta cikin taɓo, ta bi ta tsakanin ƙafafun wani jan sa, ta kwashi abin da ta kwasa, ta hau bakin rijiya ta gangara ciki, mutum ɗari suna binta da ido. San ya ɗaga wutsiya ya ƙara.

Alƙasim ya ninke takardar gida huɗu. Ya yi gyaran murya ya ce al'amarin ruwa ba abin gaggawa ba ne, kwamiti zai kafa ƙaramin kwamiti ya yi nazari a kan igiya. Maganar rami kuma an ɗage ta.

"Har yaushe?" Kalla ya tambaya.

"Har ka mutu, baƙin tsoho. Ka ishe ni."

Mata ba su jira ƙaramin kwamiti ba. Kafin a gama kwance rumfa, biyu sun kora shanun zuwa gangare, wata ta aika a kawo reshe mai baki biyu da za a kafa a rataya igiya, Zaliha kuma tana faɗa wa mai goyon nan ta tafasa ruwan kafin ta ba yaron.

Mushe Sufyanu yana jingine da mota, ya ce wa wayarsa rapor, wato rahoton garuruwa tara, an riga an buga shi, an aika. Kalla ya matsa kusa da Munira.

"Garuruwan can tara, ɗiyata. Suna can suna sha da guɗa."

"Komawa sai an sa hannu a sabuwar takardar tafiya," in ji Mushe Sufyanu, ya rufe bakin waya da tafi. "Ba abu ne na yau da gobe ba."

Munira ta zaro biro ta shiga rubuta sunayen garuruwan a bayan littafinta, da lambar mai kula da rijiyar kowane. "Salula ba ta bukatar takardar tafiya, Baba," ta ce ƙasa-ƙasa.

Kalla ya kwance wani tsumma daga ƙugunsa, baƙi wuluk, wanda ya tsoma sau tara. Ya jiƙa shi ya naɗe kwalbar tsaf, ya ɗaure bakin. "Ƙarƙashin kujera. In ya bushe ki jiƙa. In suna son hoto, su ɗauki matacciyar, ita ba abin da za ta rasa."

Zaliha ta tare shi a hanya, tulu a kai. "Na ce ka yi shiru."

"Ai na yi. Har jawabi huɗu."

"Da sun cike shi hwa?"

Ya dubi inuwarsa, ya ga ta fara tsawo, ya tuna tun safe bai motsa ramin ba, kuma jiya kumfar ta yi masa kamar tana son toka. Ya ɗauki muciya inda ya jingine ta a jikin marke, ya saɓa a kafaɗa, ya nufi marina yana ƙirga taku.